Tirela a Ɗakin Aziza

Asabar, 5 ga Yuli, 2025
Ta tashi! Na danna maɓalli, fankoki suka juya, sikirin ya kawo haske. Wata bakwai ina tsintar kayan kwamfutar nan ɗaya-ɗaya, kowane noti da hannuna na ɗaure. Abu ɗaya ne tsoho a cikinta, katin girafik, mai zana hoton da ake gani a gem, wato wasan kwamfuta. Na hannu ne, ya sha jiki. Misbahu, mai shagon da nake sayayya a Kano, ya ce akwai sabo mai ƙarfi, zai ajiye mini zuwa ƙarshen wata.

Hajja, mahaifiyata, ta leƙo ta ce, "Malamar makaranta guda, da wasan yara!" Na ce ai kwamfuta nake koyarwa, wannan ma bincike ne. Ba ta yarda ba. Ni ma ban yarda ba.

Litinin, 7 ga Yuli
Na gwada gem ɗin yaƙin da na haɗa ta dominsa. Hoton sai tsinkewa yake, kafin in waiga an harbe ni. Sabon kati dole ne.

Baba yau ma bai fito ba. Tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa masa hagu bara aka sayar da tirelarsa, daga gado sai tabarma. Shekara talatin da ɗaya yana kai busasshen kifi daga Haɗeja zuwa Onica. Ina ƙarama yana hanya, na girma ya dawo ba ya magana. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan hirarmu. Abin yana damuna, amma ban san ta ina ake farawa ba.

Juma'a, 11 ga Yuli
Bayan la'asar na sa wani gem na tuƙin manyan motoci, don kawai in ga iya ƙarfin tsohon katin. Lasifika a buɗe, ina ta taka totur son raina. Sai na ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa.

"Wa ke kashe motar nan da ranta?"

Baba ne! Ya tsaya ya fi minti goma yana kallo. Na shiga kwana ban sa sigina ba, ya yi tsaki ya koma ɗakinsa. Ban taɓa jin daɗin tsaki irin na yau ba.

Lahadi, 13 ga Yuli
Ya dawo, da kujerarsa. Na nuna masa madannan kibod. Kafin ya taɓa komai sai da ya karanta addu'ar tafiya, cikakkiya. Na kusa dariya, na haɗiye.

Hanyoyin gem ɗin na ƙasashen Turawa ne. Wai wannan ba hanya ba ce, tabarma ce: ba rami, ba shanu, ba mai kabu-kabun da zai faɗo maka. Da aka kira la'asar ya ƙi in tsayar da gem ɗin a tsakiyar titi. Sai da ya nemi wurin fakin, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. "Ba a barin kayan mutane a kan hanya."

Laraba, 16 ga Yuli
Ruwa tun safe. Misbahu ya turo bidiyon sabon katin yana aiki. Har inuwar ganye ana gani a kan ruwa. Na kalla sau shida.

Lahadi, 20 ga Yuli
Ba daɗi yau. Yatsun hagunsa ba sa bin kibod. Yana ƙoƙarin ja da baya, ɗan yatsa ya zame, tirela ta daki katanga. Ya janye hannunsa daga kibod. Can ya ce, "Shekara talatin ko kaza ban taɓa takawa ba." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Tuwon dare ma an dawo da shi yadda aka kai masa.

Talata, 22 ga Yuli
Bai zo ba. Jiya ma haka.

Alhamis, 24 ga Yuli
Na kira Misbahu na tambaye shi, a cikin hira dai, ko yana da sitiyarin gem mai totur da birki na ƙafa. Akwai ɗaya. Ƙarfina ba zai kai duka biyun ba, ya sani, na sani. Ya ce, "Malama Aziza, sitiyari ba ya gyara hoto fa. Katin nan in ya tafi, sai dai ki ji labari."

Na tsaya a bakin gada a hanyar dawowa daga makaranta. Kogi ya fara cikowa, masu shinkafar fadama sai kallonsa suke. Na yi ta kawo wa kaina hujja. Kwamfutata ce. Wata bakwai. Kuma wa ya ce in an kawo sitiyarin Baba zai taɓa? Mutumin da ko sannu sai ya ga dama.

Asabar, 26 ga Yuli
Na ce a sa sitiyarin a motar Haɗeja. Kar in ƙara magana a kai.

Litinin, 28 ga Yuli
Sitiyari ya iso, na ɗaure shi a teburi, ban kira kowa ba. Na dai ƙure lasifika na danna hon sau biyu. Baba ya shigo yana faɗa, wai gidan nan ba tasha ba ne, sai idonsa ya faɗa a kai.

Ya shafa shi zagaye ɗaya. Ya ɗora hannun dama, sannan ya kama na hagun ya ɗora shi da kansa. Wai ya yi ƙanƙanta, kamar murfin tukunya. Amma ya ja tirelar nan da baya, ya cusa ta tsakanin wasu biyu, ko gogawa babu. Hajja na bakin ƙofa da ludayi a hannu, miya na ƙonewa.

Asabar, 2 ga Agusta
Sabon ƙorafin Baba: madubin gefe yana dishi-dishi. "Direba da madubi yake tuƙi, ba da gaba ba." Katin ba zai iya komai lokaci ɗaya ba, sai na shiga saiti na kashe inuwa, na rage bishiyoyi, na sa ruwan kogunansu ya koma kamar fenti, na ba madubi duk ƙarfin. Hoton ya yi muni ƙwarai. Ya ce yanzu ne mota ta zama mota.

Misbahu ya sayar da katin. Na ji zafi kaɗan. Kaɗan.

Laraba, 6 ga Agusta
Tsohon abokinsa Alhaji Kolo ya zo daga Malam Madori dubiya, ya tarar da majinyaci a hanyar wani gari da ba wanda ya iya faɗin sunansa. Musu suka yi har magariba a kan wa ya fi iya shan kwana. Baba ya ci tuwo malmala biyu.

Juma'a, 8 ga Agusta
Na goge gem ɗin yaƙin. Wurin ajiya ne ya yi ƙaranci, ba wani abu ba.

Da yamma na kunna masa zan fita wanki, ya ce in dakata. Ya tambaye ni, idonsa a kan sikirin, ko na san inda yake ranar da aka haife ni. Lokoja, taya biyu a fashe. Sai ranar suna ya iso, da la'asar, an riga an watse. Ban taɓa jin wannan ba.

Ya ce, "Na ɗauki kifi, na ɗauki tattasai, na ɗauki mutanen da ban san sunansu ba. Ke ban taɓa ɗaukarki ba." Ya jawo ɗayar kujerar da sandarsa, ya ajiye ta a damansa. "Hau, 'yar Baba, in kai ki."

Na hau. Awa biyu muka yi, gudunsa bai wuce sittin ba, yana ta ba ni labarin garuruwan da babu su a taswirar gem ɗin. Wankin yana nan a bokiti. Ya ce gobe da wuri za mu tashi, kar in makara.