Ki Ba, Ƙi Ba

Litinin, 1 ga Satumba

Na raka Auta asibiti saboda ciwon kan da ya ƙi barinta. Ba ta so in bi ta ba, ni na nace.

Abin da suke naɗa wa mutum a damtse don awon jini bai zagaye hannunta ba. Nas ta ja, ta ja, sannan ta ɗaga murya ta ce wa ta ɗaya ɗakin, "Miƙo mini babban nan, na masu jiki." Duk wanda ke kan benci sai da ya waiwayo. Auta ta kafa wa kalandar bango ido kamar akwai labari a jiki.

Likita bai daɗe da mu ba. Jini ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Ya ce ta rage nauyi. Yana faɗa yana rubutu, bai ko ɗago ba.

A mota na karanta takardar da kaina, harafi bayan harafi. Ita ce takardar asibiti ta farko da na karanta ba a karanta mini ba. Lokacin ciwon babansu ban iya ba. Sai bayan rasuwarsa na shiga ajin manya, Autar ce ma take riƙe mini hannu ina jan layi. Ashe abin da zan zo in karanta ke nan. Suga. Shi ya fara da yatsan babansu, ya ci ƙafar, ya ci shi.

Shekararta ashirin da bakwai fa.

Laraba, 3 ga Satumba

Na kwashe sukari da man suya na kai wa maƙwabciya. Na sayo ƙaramin faranti. Na tsaya ina kallonsa, kamar na yaye.

Lahadi, 7 ga Satumba

Tun da aikin amsa waya ya sa ta koma zama kusa da ofishinsu, ita da abokiyar aikinta, Lahadi ce ranarmu. Ta zo, yayanta ya zo, in dafa, mu ci. Yau kam da na sani da ban dafa ba.

Na zuba mata a ƙaramin farantin. Ta kalle shi, ta kalle ni. Yayanta ne ya fara, shi da bakinsa ba ya zama a rufe. Tun da ya fara gudun safe yake ganin kowa malalaci ne.

"Yau buhunmu ya ga mudu," in ji shi. Tun suna yara yake ce mata Buhu, muna dariya. Har ni.

Ta ce, "Yaya, ka ci abincinka."

Ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wai ba wanda ya ɗura mata, hannunta ne yake kaiwa bakinta, hannun nan kuma shi zai iya dainawa. Wai shi ma yana son kwanciya amma yake tashi.

Ta ce shi aikinsa a tsaye yake, ita ana biyanta ne ta zauna daga safe har yamma da waya a kunne, ko fitsari sai da izini. Ta ce da gori yana ramar da mutum, da tuni iska ta ɗauke ta, don tun tana firamare ake yi mata. Ta ce jikinta ba laifi ba ne da za ta riƙa ba mutane haƙuri a kansa.

Maganarsa gaskiya, tata ma gaskiya. Ni dai ƙafar babansu nake gani.

Sai ta miƙa hannu ta ɗauki tsoka ɗaya daga babban kwano. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na cire naman daga farantinta na mayar. A gaban yayanta.

Ta tashi ta wanke hannu, ta goge a hankali, ta ce, "Mama, na ƙoshi. Allah ya ƙara buɗi." Ta ɗauki jakarta.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ba ta zo ba. Na kira, ta ce aiki. Ofishinsu ba sa buɗewa Lahadi.

Talata, 16 ga Satumba

Maƙwabciya ta kawo wani shayi a kwali, da hoton mace mai ƙugu kamar na zanzaro. Wai yana narkar da kitse mutum yana barci. Na saya. Na ba yayanta ya kai mata.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kwalin ya dawo ba a ɓare ba.

Tunda ba ta son jin muryata, na ce bari in rubuta mata a waya. Na daɗe ina lalubar haruffa da ɗan yatsa, ga ido ba ya gani sosai. Na rubuta: "Auta ba ke nake faɗa da ita ba. Ki ba ce nake tsoro."

Ba a jima ba amsa ta shigo. Na kwafe ta nan yadda take:

"Mama, kalma ɗaya ce, kuma k ɗin mai lanƙwasa ne: ƙiba. Abin da kika rubuta shi ne ki ba. Shi kika yi ta yi mini tun ina goye. Da kin sa lanƙwasar kin bar ratar, da ya zama ƙi ba. Shi kuma kike yi yanzu."

Na ɗauka gyaran rubutu take yi mini kamar da, har na fara murmushi. Sai da na sake karantawa.

Asabar, 20 ga Satumba

Ki ba. To, na bayar.

Kafin Auta akwai wadda na haifa, ba ta kai ga yaye ba. Ba na son rubuta sunanta. Ciwo ya tsotse ta har zoben azurfar da na sa mata a yatsa ya riƙa zamewa. Ina ba ta nono, tana dawowa da shi. Da aka haifi Auta na ce wannan kam ba za a ƙirga haƙarƙarinta ba. A wurin awon jarirai ɗaga ta ake yi ana nuna wa sauran mata, ana cewa ku ga uwa da ta iya reno. Kakarta takan matsa cinyarta ta ce, "Tubarkalla, wannan ta sha nono." A lokacin in an ce ɗanka ya yi ƙiba godiya kake yi. In an ce ya rame, ranar ba ka barci.

Yaushe aka juya maganar ba a gaya mini ba?

Ba kuka nake ba. Albasa na yanka ɗazu.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na dafa na mutum uku, mu biyu muka ci. Yayanta ya ce in ƙyale ta, yunwar gida za ta kawo ta. Na ce ya rufe mini baki. Ya yi mamaki.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Maƙwabciya ta shigo da wayarta, fuska ɗauke da gulma. Auta ta sa hotonta inda kowa yake gani. Doguwar riga ruwan ƙwai, ita da kullum baƙi take sawa wai yana ɓoye jiki. Tana dariya har haƙoranta a waje. Rabon da in ga wannan dariyar na manta. A ƙasa ta rubuta: "Na gaji da jiran sai na rame kafin in sa rigar da nake so."

Na karɓi wayar na bi maganganun mutane. Maƙwabciya ta gaji da jirana ta zauna.

Wani ya ce a tausaya wa kujera. Wata ta ce, "Ki ji tsoron Allah ki rage ci, kina kashe kanki." Ni ma da bakina na taɓa faɗin kusan haka. A bakin baƙuwa sai na ji ashe duka ne.

Amma masu yabon ma sun ba ni haushi. "Kada ki canza komai." "Likitoci ƙarya suke, haka kike lafiya lau." Su wa? Sun ga takardar? In aka kwantar da ita, cikinsu wa zai kwana a kan tabarma a gefen gado? Yabo ba ya sauke jini. Zagi ma ba ya saukewa, na gwada.

To me ke saukewa?

Rigar dai ta yi mata kyau. Ban gaya wa maƙwabciya ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na je ofishinsu ba tare da na sanar ba. Hawa na uku suke, na'urar hawa kuma ta lalace. Kafin in kai sama na tsaya hutawa ya fi a ƙirga, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ɗaki ne dogo, tebur a jere, kowa da abu a kunne yana ba wanda ba ya gani haƙuri. Na hango ta tana cewa, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, yanzu za a gyara." Ashe haƙurin da take bayarwa a wuni ya ishe ta.

Da ta gan ni ina haki ta zaro ido. Ta zaunar da ni a ɗakin shan shayinsu ta ba ni ruwa. "Mama, ke da kike aiko wa mutane shayi, ji numfashinki." Na so in yi fushi, dariya ta riga.

Da ta buɗe jaka neman hankici na ga kwalin magani, an sha fiye da rabi. Na ga takalmin roba irin na yayanta, dunduniyar har ta fara cinyewa.

Na ce wannan fa?

Ta ce tun satin da muka je asibiti take komawa gida a ƙafa. Ta daina lemon kwalba. Ta koma wurin wata likita, mace, wadda take kallon mutum in tana magana. Jinin ya ɗan sauka.

Na ce shi ne ba ki faɗa ba, kika bar ni ina mutuwa a tsaye?

Abin da ta ce, iya abin da na riƙe:

"In na faɗa, ke da Yaya za ku fara ƙirga. Kowace Lahadi a duba ni a ga ko na ragu. Ban ce zan rame ba, Mama. Wataƙila haka zan ƙare. Ina yi ne don kada in bi Baba, ni ma na ga ƙafarsa, ni nake wanke ta. Amma ba zan tsani kaina kafin in kula da kaina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Sannan ta ce, "An ce ido ba mudu ba, amma naki mudu ne. Tun ina yarinya in na shigo ba ki taɓa fara cewa sannu ba. Ko kin rame, ko kin ƙaru."

Na buɗe baki in musa. Na laluba, ban sami ko rana ɗaya ba.

Ta ce za ta zo Lahadi, da sharaɗi. Kada a yi maganar jikinta, ko ta yabo. Kuma a kawo tukunyar tsakiya da ludayi a ciki, kowa ya zuba da kansa.

Na ce a gidana? Ta ce a gidanki.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ta zo. Cikin rigar nan ruwan ƙwai.

Na ce sannu da zuwa. Sauran maganar ta taho har bakin haƙora, na haɗiye ta da ruwa.

Tun ina amarya ban taɓa zama wani ya zuba abinci a gabana ba. Ludayi nawa ne. Yau na ajiye shi cikin tukunya na zauna a kan hannuwana, a zahiri, ƙarƙashin cinya. Ta zuba shinkafa. A idona ta yi yawa. Ta zuba ganye da wake. A idona kuma naman ya yi kaɗan, har na ji ina so in ƙara mata. Cikin minti ɗaya ki ba da ƙi ba duk sun taso mini. Ban motsa ba.

Yayanta ya fara, "Buhu, miƙo…" Na kalle shi. Ya ce, "Auta, miƙo gishiri." Ta ce, "Ba a ci da yawa a gidan nan yanzu, Malam mai gudu." Ya yi dariyar dole.

Ƙaramin farantin na sa a ƙarƙashin tukunyar fure.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Yayanta ya ce mun lallaɓa ta da yawa, gaskiya ɗaci gare ta. Wataƙila. Har yanzu in waya ta yi ƙara ba a lokacinta ba, sai in ɗauka mugun labari ne.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Bayan mun ci na raka ta. Da bakin titi nake tsayawa, yanzu muna wuce gidan mai, mu wuce makaranta, har gadar masu ƙafa. Saboda gwiwata ne, likita ya ce tafiya tana taimakawa. Ita take rage sauri saboda ni.

A hanya ta ba ni labarin wani da yake kiran ofishinsu kullum, ba abin da ya lalace masa, hira kawai yake so. Tana kwaikwayon muryarsa. Ashe ta iya kwaikwayo haka, kamar babanta. In za ta yi dariya sai ta fara taɓa kunne, shi ma haka yake yi. Akwai wata 'yar furfura guda ɗaya a gefen goshinta. Tana son ta koma karatu da yamma, ta ce in na iya a shekaruna ita ba ta da hujja.

Da na dawo maƙwabciya tana bakin ƙofa. Ta ce, "Maman yara, na hango ku. Ya jikin 'yar taki, ta ɗan ragu kuwa?"

Na tsaya zan ba ta amsa. Na tuna kunnen, na tuna furfurar, na tuna muryar mutumin nan mai kira. Na ce mata ban lura ba.

Ta ce, "Ke ɗin?"

Mantuwa ce kawai, tsufa. Ranar Laraba Auta za ta koma awon jini, ta ce in ina so in zo, in zauna a waje. Zan tafi da wannan littafin in yi ta jan layi har ta fito.

Ƙiba. A haɗe, da lanƙwasa. Na iya yanzu.