Kada a Rushe Tudun Kabewa

Ni mahaifiyarku, da hankalina garau nake rubuta wannan. Ƙafa ce ta ƙi, kai bai ƙi ba.

Gida da kayan ɗaki an san yadda ake raba su, ba ni da ta cewa. Maganata a kan tudun kabewa ce.

Ranar da na jera tsofaffin bulo a kan simintin tsakar gida, na cika da ƙasa da takin kaji, marigayi babanku har da riƙe ciki don dariya, wai siminti ba ya haihuwa. Shekarar farko fure ya yi ta zubewa, ko ɗa ɗaya ban gani ba, don ƙudan zuma ba ya shigowa lungunmu. Sai na karɓi aikinsa. Da sassafe in tsinko namijin fure, in goga wa macen, mai ɗan ƙulli a gindi. Kabewar da ta fito a damina ta biyu, shi mai dariyar ya kasa ɗaga ta shi kaɗai. Har yau in na tuna, daɗi nake ji.

1. Babban yaya, kai da kake son rushe tudun don motarka ta sami wurin kwana, kai na danƙa wa shi amana. Motar ta saba da titi.

2. Auta, irin da ke cikin kwalba a saman kabad naki ne. Ke kaɗai kika tsuguna kusa da ni har kika iya bambanta furen. Kada ki ba kowa saƙonsa, da hannunki za ki shuka.

3. Duk kabewar da ta haura katanga ta nuna a gidan tela maƙwabcinmu, tasa ce. Shi ya ba ni bulon lokacin da kowa ke dariya. Ku daina yi masa gori.

Babban yaya da Auta, na san tun rigimar motar ba kwa gaisawa, kuma abin yana ci mini rai. To ga shi: mai ƙasa ba shi da iri, mai iri ba ta da ƙasa, damina kuwa ba ta jiran mai fushi. Ruwan farko na sauka, dole ɗayanku ya yi sallama a ƙofar ɗaya. Da gangan na yi, kuma na san na yi nasara.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku, ya haɗa kanku. Ku riƙe zumunci. Kabewar farko ku yanka ta tare, ku ci a kwano ɗaya, ko da kuna hararar juna.