Amfilifayar da Ta Ƙona Bargon Inna

Ɗantani,

Na tafi Makurɗi kai kayan sojoji, sai Laraba. Ban tashe ka ba don ba na son dogon bayani.

Jiya da la'asar ka lulluɓe amfilifayar nan, akwatin ƙara sauti, da bargon Inna, wai kada maƙwabta su ji jitarka. Ƙwayayen gilashin cikinta suka ɗau zafi, bargo ya babbake, Inna ta yi ta tari har magariba. Ko sannu ba ka ce mata ba, kana can kana shafa akwati.

Kullum zancenka sai an ƙure mata murya take zaƙi, a unguwarmu ta Koki kuma ba dama. Ƙarya kake. A ɗakin nan abokinka Obiora na Sabon Gari ya kaɗa ta ƙasa-ƙasa, har Inna ta ajiye taɓarya ta tsaya ji. Amfilifaya lafiyarta ƙalau. Hannunka ne bai iya ba, kuma ba zai taɓa iyawa ba.

Na cire ƙwayayen, suna aljihuna. Kafin in dawo ka fitar da sauran tarkacen daga gidan nan, ko in faskara a hura wuta.

Kuma ka daina ce wa mutane ajiya ce, mai ita Obiora zai dawo bayan yaƙi. Shekara biyu ke nan. Ranar da mutanen Sabon Gari suka gudu ni na je tashar jirgin ƙasa, kai kana ƙarƙashin gado. Ban ga ya hau ba.

Yayanka,
Maharazu