Layar Alfa Sumana

Zongo, Yamai
Kwana tara bayan Babbar Sallah, 1963

Zuwa ga yayata Hadizatu, a Dogonduci.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida Inna, ina gaida maigidanki Garba, ina gaida tumbinsa, kowa da tasa daban. Mu nan lafiya lau, sai zafin Yamai.

Saƙonki ya iso, wai in sa Yaya Mumuni a mota in maido shi gida ya kwanta, tunda shekara uku ke nan da kamyo, babbar motar kaya, ta kife da shi a hanyar Doso, baya da gwiwar hagu sun ƙi daɗi. Ki dakata tukuna. Alhajin da yake yi wa tuƙi ya sayi sabuwar kamyo, za ta iso daga Kwatano da kaka, lokacin jigilar gujiya. Ya ce Yaya yake so ya ba, in lokotoro, wato likita, ya duba shi ya ce zai iya. In ba zai iya ba, wani za a ba. Kin kuwa san Yaya, ran da ya koma gida a kan tabarma ba zai ƙara tashi ba.

Muna da maƙwabci, Baba Zailani, tsohon soja ne, ya yi jinyar masu rauni a asibitin sojan Faransa. Ya duba Yaya ya ce ƙashi ya ɗinke tuntuni, naman da ke riƙe da shi ne ya saki saboda yawan kwanciya, sai an riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan. Har ya kwanta ƙasa ya nuna yadda ake yi. Yaya ya dube shi ya ce, "Baba, ni da gemuna in kwanta ina ɗaga ɗuwawu sama kamar jinjiri? Ku riƙe jimnastik ɗin Nasaranku."

To ga abin da ƙanenki ya yi, kada Inna ta ji. Na ɓace kwana biyu a ɗakin abokina a Lamorde, hayin gulbi. Na dawo da ƙura har gwiwa na ce daga Say nake, wurin wani babban malami, Alfa Sumana, mai maganin baya. Babu wani Alfa Sumana. A cikin jirgin fito na haife shi, na ba shi shekara casa'in da ido ɗaya. Na kawo garin magani, kuka ce da ɗan toka. Na kawo laya ta ɗaurawa a idon sawu, ni na ɗinka ta a rumfar dukancinmu, cikinta yashin gulbi ne zalla.

Na ce Alfa ya ce maganin ba ya ci sai da sharuɗɗa. Bayan asuba ya shiga gulbi iyakar ƙugu, wajen masu wanki, ya yi taku arba'in yana fuskantar ruwa. Ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu sau bakwai, don iskar da ta maƙale ta sami hanyar fita. Ya zauna ya miƙe ƙafar mai laya sau bakwai. Duk abin da Baba Zailani ya nuna ne, rawani kawai na naɗa masa.

Yau kwana huɗu Yaya bai fasa ba. Da safen nan na ji shi yana ƙirga bakwai ɗinsa da murya irin ta liman, sai da na cusa hula a baki.

Ki sa mu a addu'a. Ki aiko da daddawa.

Ƙanenki mai hankali,
Illo

*

Dogonduci
Farkon damina

Zuwa ga Illo.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya, Inna tana sa muku albarka. Malam Ado ne ya karanta mini takardarka, shi ne kuma ke rubuta wannan. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, bayan ya gama dariya.

Ni ban yi dariya ba. Kai ne ka sa kwaɗo a butar malaminku, kai ne ka gaya wa Garba ran ɗaurin aurena cewa an ɗaga, ya koma gida ya cire riga. Waɗannan duka wasa ne. Wannan kuwa bayan yayanka ne. In ruwa ya ja shi fa? In abin ya ƙara lalacewa, wa za ka ce ya sa ka? Ka kuma gaya mini gaskiya: ka rubuta ayar Allah a cikin abin nan? In ka yi, babu ni babu kai.

Na gaya wa Inna an samu mai magani, a bar shi zuwa kaka. Ban ce mata ƙarya ba, ban ce mata gaskiya ba, kai ka ja mini. In kaka ta yi bai tashi ba, ka kawo shi gida, ba na son wata magana.

Ga daddawa nan hannun direban da ya kawo takardar. Wannan ɗaga ƙugun, sau bakwai ne a jere ko ana hutawa? Garba yana kukan baya.

Yayarka,
Hadizatu

*

Zongo, Yamai
Bayan bikin 'yancin kai da sati uku

Yaya Hadizatu, assalamu alaikum. Gaisuwa ga Inna, da Malam Ado mai dariya, da Garba. Ki ce masa ana hutawa, amma ba hutun da ya saba ba.

Ban rubuta ko harafi ɗaya ba, wallahi. Yashi ne da fata. Ruwa kuma ba zai ja shi ba, ina gefensa kullum.

Ki zauna kafin a karanta miki wannan. Juma'ar da ta wuce Yaya ya yi salla a tsaye. Ya yi ruku'u, ya kai goshi ƙasa, ya tashi bai dafa kowa ba. Ina bayansa a sahu, na manta raka'a ta nawa muke. Da aka sallame ya daɗe yana gyara hula. Ni kuwa na fita da takalmin wani, sai a bakin kasuwa na lura.

Yanzu takunsa a ruwa ɗari uku ne. Sanda tana jingine a bayan ƙofa, kaza ke hawa kanta. Kowace Juma'a Alfa yana aiko da sabuwar laya da ta ɗan fi ta baya nauyi, wai ƙarfin addu'a ne ke ƙaruwa. Sau ɗaya na yi zari, na ninka yashin a sati guda, gwiwa ta kumbura kamar gwanda. Baba Zailani ya kama kunnena ya murɗa, ya ce, "Kai, wa ya ce maka gaggawa ake yi? Cokali biyu a sati." Washegari Alfa ya aiko da saƙo cewa ya yi mafarki, a huta kwana uku.

Labari ya bazu a Zongo. Isaka tela ya zo, wanda keken ɗinki ya tanƙware masa baya. Oumarou mai ga-ruwa ya zo da kafaɗarsa da gwiwoyinsa. Yanzu mutum shida ke shiga gulbi da safe a jere, kowa da laya a ƙafa, matan Zabarmawa masu wanki suna yi musu "Fofo", wato sannu, suna rufe baki da zane. Baba Zailani yakan biyo ta wurin kamar mai wucewa, ya tsaya ya ce, "Ni dai ban san Alfan nan ba, amma da ni ne shi, da na ce a ɗan lanƙwasa gwiwa." Yaya ya ce masa, "Baba, ka bar abin da ba ka da iliminsa." Amma ya lanƙwasa.

Sai dai akwai matsala 'yar ƙarama, mai ƙaho. Yaya ya sayi rago. Ya ce kafin ya je gaban lokotoro sai ya je Say da ƙafarsa ya yi wa Alfa godiya. Na ce Alfa ba ya ganin baƙi. Ya ce zai ɗaure ragon a ƙofa. Na ce Alfa yana shirin tafiya Makka. Ya ce to gara a hanzarta. Na yi tunanin in kashe Alfa kawai, shekara casa'in ai ya yi ƙoƙari, sai na tuna Yaya zai tafi ta'aziyya.

Ki ba ni shawara, ke ce babba. Ragon yana kallona.

Illo

*

Dogonduci

Illo, bayan gaisuwa.

Da Malam Ado ya kai wurin sallar nan, na sa shi ya maimaita sau uku. Na gaya wa Inna, ta yi kuka, ta raba goro a unguwa.

Shawara ɗaya ce. Ka zaunar da shi a ɗaki, ku biyu, ka gaya masa da bakinka kafin ya taka jirgin fito. Zai yi fushi, amma fushin ɗaki ne. In ya ji a bakin mutane, ba ciwon baya ne zai kwantar da shi ba, kunya ce. Ka san shi da zuciya. Zai iya watsar da komai don kada a ce ƙanensa ya yi wasa da shi, ga kamyo saura kaɗan ta iso.

Kada ka ce gobe.

Hadizatu

*

Zongo, Yamai
Farkon kaka

Yaya Hadizatu, gaisuwa a taƙaice, a rumfar wani nake rubutu.

Na ce gobe. Na ce gobe har sati biyar. Ran nan na tashi na tarar babu Yaya, babu rago.

Jiya da hantsi ya dawo, da ragon. Ya tsaya tsakar gida, mutane sun taru, ya ba da labari da murya a kwance, wadda ta fi ihu ban tsoro. Ya ce tun hantsi har la'asar yana zaga Say da ƙafa, yana jan rago, unguwa-unguwa. Ya sami Sumana biyu, ɗaya masunci, ɗaya mai gyaran keke, kowanne da idonsa biyu. Daga ƙarshe aka kai shi wurin wani dattijon malami, ya ce a nuna masa layar. Ya sa wuƙa ya farke ta a gaban ɗalibansa. Yashi ya zubo, har da ɗan ƙashin kifi. Malamin ya juya fatar ya ce, "Ɗinkin dai na gwani ne. Kana da baduku a gida?"

Nan Yaya ya juyo ya dube ni. Ban jira sauran ba.

Hadizatu, ya bi ni. Da gudu ya bi ni. Daga ƙofar gida har Ƙaramar Kasuwa, ta tsakanin masu tumatir. Na tsallake lambatu, na waiwaya don in ga inda ya tsaya, sai na gan shi a sama, ya tsallako shi ma. Na tsaya ina tsalle ina cewa, "Yaya, dubi ƙafarka, gudu fa kake!" Da murnar nan ya kama ni. Mari biyu ne, ban ma ji na farko ba.

Amma abin da kika faɗa ya faru. Yau da safe bai je gulbi ba. Ya jefa sauran layun kan rufin ɗaki. Masu shayi sun fara kiransa Sarkin Yashi, yana ji. Ba ya yi mini magana, Baba Zailani ma ya gaishe shi bai amsa da kyau ba. Kamyo ta iso shekaranjiya, kore, tana wari irin na sabon abu. Saura kwana goma sha biyu ya je gaban lokotoro. Baba Zailani ya ce in ya koma tabarma yanzu, bayan zai sake ƙagewa.

Ina ganin muddin yana ganin fuskata ba zai koma ruwa ba. Zan biyo motar Alhamis in zo gida. Ki tanadar mini wuri a bayan rumbu, kada ki ce kin gaya mini, na sani.

Illo

*

Yamai

Zuwa ga ƙanwata Hadizatu.

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki gaida Inna, ki ce mata ina nan tafe.

Kwana huɗu ban je gulbi ba. A na biyar bayana ya fara yi mini magana. Na fita da niyyar kallo kawai, na tarar da Isaka da Oumarou da sauran a cikin ruwa, kowa da yashinsa a ƙafa. Isaka ya ce, "Mumuni, mu ma mun ji. Shigo, ruwa ba sanyi." Na shiga.

Jiya lokotoro ya sa na duƙa, na tsuguna, na hau kujera na sauka sau goma. Ya sa hannu a takarda. Makullin kamyo yana aljihuna. Ragon na kai wa Baba Zailani, na ba shi haƙuri.

Ran Litinin zan biyo ta Duci, za ni Maraɗi ɗaukar gujiya. Na ji Alfa Sumana yana bayan rumbunki. Ki gaya masa Juma'a biyu ke nan bai aiko da laya ba, wadda na sauko da ita daga rufin ɗaki na ɗaura a ƙafa ta yi mini sauƙi. Ya ɗinka sabuwa, cokali biyu, kada ya ƙara. Ya kuma haɗa kayansa, akwai wuri a gaban mota.

Ya taho da kunnensa.

Yayanki,
Mumuni direba