Wannan Ba Hannun Baba Ba Ne

Leeds, Ingila
9 ga Mayu, 1987

Zuwa ga Yaya Raliya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Ki gaishe mini da maƙwabcinmu Udoka da iyalinsa.

Ni lafiya lau nake. Tarin ya yi sauƙi, wankin kwanukan da nake yi bayan lacca ma na fara sabawa da shi.

Wata shida ke nan malaminmu yana koya mana tantance takardun sarakunan Turai. Ya ba ni wasiƙun wata sarauniya da ta mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce, ya ce, "Duba wanda ya riƙe alƙalamin, da abin da yake so ka yarda da shi." Na gano biyu na jabu, ya yaba mini a gaban aji.

A ranar na tarar da wasiƙar Baba, mai cewa rikicin Kafanchan na watan Maris bai taɓa layinmu ba. Yaya, a wasiƙar an kira ni Jamiluddeen, alhali Baba bai taɓa kirana haka ba, "Na Inna" yake cewa. Wannan rubutun ƙanenmu Abdu ne. Hatimin gidan waya kuma na Kaduna ne, ba na Kafanchan ba. Me ya kai ku Kaduna?

Na san kun yi haka ne don kada in bar karatu. Amma ga ni nan ina tono gaskiyar matattun Turawa, ta gidanmu kuwa an hana ni.

Idan Baba yana da rai, ya rubuto mini layi ɗaya da hannunsa. Idan babu shi, ki faɗa mini, in san ko addu'ar lafiya zan yi masa ko ta gafara.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenki,
Jamiluddeen