Layin Inna a jadawalin mako

Lahadi, 3 ga Maris
Na gaji da ihun safiya. Ni da aikin asibiti, Baban yara da shagonsa, yara kullum a makare. Yau na zana jadawalin mako na manna a ƙofar kicin: wanki, shara, cefane, kai Auta makaranta, kowa da ranarsa. Inna kuwa na rubuta mata hutu daga Litinin har Lahadi. Ta sha wahalarmu, ya isa haka. Gaskiya kuma ita ke raka Auta makaranta, tafiyarta ce ke makarar da yarinyar.

Litinin, 4 ga Maris
Babansu ya kai Auta a babur. Ba wanda ya makara. Kai, ashe haka ake rayuwa!

Laraba, 6 ga Maris
Inna ta sa Babba, ɗana na fari, ya karanta mata layinta. Yana ta "hutu, hutu, hutu" yana dariya. Ta ce, "Oh, tun kafin a binne ni?" Na ce haba Inna, gata ne fa. Ta ce ta gode.

Asabar, 9 ga Maris
Na kai Auta wurin mai kitso, an gama nan da nan. Da, Inna ke yi mata, su cinye safiya sukutum. Da muka dawo ta shafa kan yarinyar ta ce ya yi kyau, ta shige ɗaki. Ko abincin rana ba ta fito ba.

Talata, 12 ga Maris
Gida tsaf, komai a kan lokaci. Raina ba daɗi.

Alhamis, 14 ga Maris
Inna ta ɗaure kayanta a jaka ta ajiye bakin ƙofa. Wai ran Lahadi za ta koma gidan Yaya, matarsa ta haihu, "can akwai abin da zan riƙe." Na ce Inna, da ciwon ƙafar nan? Gidansa bene ne fa! Ko kallona ba ta yi ba. Na shiga banɗaki na yi kukana. Tun rasuwar Baba take wurina. In ta tafi ba za ta dawo ba, na san halinta. Baban yara ya ce in yage takardar. Shi dai komai mai sauƙi ne a wurinsa, wa zai koma ihun?

Asabar, 16 ga Maris
Ban yage ba. Layin Inna na Asabar kawai na gyara. Na ce wa Inna mai kitson nan hannunta zafi, Auta ta ƙi komawa. Ba ƙarya ba ce sosai. Ta kwance jakar ta ciro matsefinta. Sun kai azahar. Kitson a karkace, wanki bai samu ba, cefane ma haka. Na ƙyale su.

Jakar na nan bakin ƙofa, amma matsefin yana kan taga. Ta tambayi Babba ƙarfe nawa Auta ke fita ran Litinin. Za su makara. To, su makara.