Talabijin a Ƙarƙashin Gado

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka koma jami'a lafiya, kuma aikin digirin naka na uku yana tafiya daidai. Umma tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Na rubuto ne don a waya bakina nauyi yake yi. Wata uku ka yi a gida kana bincike kan dabarun kasuwancin ƙananan shaguna. Duk shagunan askin layinmu, sai ka zaɓi na Dogo, wanda ƙofarsa ke kallon tawa. Ina riƙe da kan mutum, ta madubi ina hango ka a bencinsa, yana zuba kana rubutawa. Mutumin da a hannuna ya koyi riƙe injin aski! Masu zuwa wurina suna cewa, "Wancan ba yayanka ba ne? Ko faɗa kuka yi?" Sai in ce karatu ne.

Duk wannan na shanye. Amma ranar da za ka tafi na ga ƙeyarka. Aikin Dogo ne, layin ya karkace hagu. Tun ina ɗan shekara sha huɗu babu wanda ya taɓa kanka sai ni.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, ka gaishe min da Umma ƙwarai.

Ka fahimci abu ɗaya: ƙa'idar bincike ba ta yarda mutum ya nazarci kasuwancin ɗan'uwansa ba, domin ba zai iya yin adalci ba. Farfesar da ke duba aikina ita ta ja min kunne. Batun aski kuwa, mutum ya ba ni lokacinsa wata uku, ya ce in zauna ya gyara min, ta yaya zan ƙi? Kada ka mai da ƙaramin abu babba.

Kuma Dogo ba yadda kake ɗaukarsa yake ba. Babi na huɗu kacokan a kansa na gina. Ya cire talabijin daga shagonsa, ya ce min ya lura masu zaman kallo suna cinye benci, mai son aski ya leƙo ya ga cunkoso ya wuce. Farfesa ta ce wannan babin shi ne ƙashin bayan kundin. Wata mai zuwa zan tsaya gaban malamai in kare shi. Kai ma da za ka sauke girman kai, da ka koyi wani abu a wurinsa.

Wassalam.
Yayanka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kwana tara takardarka tana aljihuna, ina cewa in yi shiru ko in yi magana.

Dogo ba ya tunani, leƙe yake yi. Na sa soket ɗin cajin waya a jikin benci, bayan kwana uku ya sa. Na fara buɗewa da sassafe ranar Litinin saboda iyaye masu kai yara makaranta, ya fara. Har kalar tawul.

Wata ranar Talata na cire talabijin ɗina. Juma'a ya cire nasa. Nawa lafiyarsa ƙalau, yana ƙarƙashin gadona, na naɗe shi da tsohon zanen Umma. Babu wata dabara a ciki, Yaya. Cirewa na yi don ka ɗaga kai ka ga wanda ke gaba da wanda ke bi, ka tsallako titi ko sau ɗaya ka ce, "Auta, me ya sa?" Ba ka ɗaga ba.

Masu zaman kallon nan kuwa su ne ke jawo mutane. Wanda ya ga shago wayam cewa yake mai shagon bai iya ba. Tun daga lokacin ni da Dogo duk ƙuda muke kora. Ban mayar ba har yau, don na san ina mayarwa zai mayar, babinka ya zube. Amma gara ka ji daga bakina da wani malami ya tambaye ka a gaban jama'a ka rasa ta cewa.

In kana shakka, ce min in mayar, ka ƙirga kwana uku.

Ka yafe min.
Auta

*

Auta,

Salam. Da na karanta, sai da na yi jifa da takardar. Shafi arba'in ka rusa min.

Na kira Dogo na tambaye shi ranar da ya cire da dalilinsa, ya yi ta kame-kame, har ya ce layi ba kyau. Sai na kai wa Farfesa takardarka. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta ce, "Wata uku kana zaune a shagon mai kwaikwayo, ka ba wa wanda ake kwaikwaya baya." An ɗaga kare kundin zuwa nan da wata shida. Babin zai koma kan yadda maƙwabta ke kwaikwayon juna ko da abin ba shi da amfani.

Tunda ni ba dama, ita da kanta za ta zo ta tattauna da kai. Amma ka sani, sunanka ba zai fito ba. Ƙa'ida ce. "Shago na Biyu" za a rubuta. Ka yarda?

Har yanzu ina jin haushinka.
Yayanka

*

Yaya,

Gaisuwa. Na mayar da talabijin ranar Asabar, Dogo ya mayar Talata.

Farfesa ta zo duk ranar da ta ga dama, a rubuta Shago na Biyu ko na goma, ba komai. Sharaɗina ɗaya ne. Kafin ka tsaya gaban malaman nan, ka zo ka zauna a kujerata. Ba za ka zama Dakta da wannan ƙeyar ba.

Sai ka zo.
Auta